Potosi: Birnin Azurfa da ke Inda Numfashi ke Wuya

A kudancin ƙasar Bolibiya, can cikin tsaunukan Andis na Amurka ta Kudu, akwai wani birni mai suna Potosi. Bisansa ya kai kimanin mita 4,000 daga doron teku. Don mai karatu ya gane wannan adadi, Jos da muke kuka da sanyinta ba ta wuce kimanin mita 1,200 ba, kuma Chappal Waddi, tsauni mafi tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne. Wato wanda ya hau ƙololuwar Nijeriya, da sauran tafiya a gabansa kafin ya kai kasuwar Potosi.

Wuri ne mai ƙanƙara da dare, ga busasshiyar iska, ga ƙarancin itace. Me zai sa mutane su kafa birni a nan? Amsar ita ce wani dutse da ke tsaye a kan garin, wanda Sifaniyawa suka raɗa wa suna Cerro Rico, ma'ana dutse mai arziki. A shekarar 1545 aka gano azurfa a cikinsa. Labarin da ake bayarwa shi ne wani ɗan ƙasa mai suna Diego Huallpa ne ya fara ganin ta, yana bin sawun lama, wata dabbar tsauni dangin raƙumi amma marar tozo. Kafin a ce kwabo mutane sun yi ca. A farkon ƙarni na 17 an ƙiyasta mazauna birnin sun kai 160,000, adadin da ya sa ya shiga sahun manyan biranen duniya na wancan zamani. Kuɗin azurfar da aka buga a gidan buga kuɗi na Potosi sun zaga Turai, sun kai har Sin. Har yau in Basifaniye zai yaba tsadar abu, yakan ce ya kai darajar Potosi.

Wannan dukiya kuwa da jinin talakawa aka haƙo ta. A shekarun 1570, wakilin Sarkin Sifaniya, Francisco de Toledo, ya tsara aikin tilas da ake kira mita, inda ake ɗebo mazaje 'yan ƙasa kimanin 13,000 kowace shekara daga ƙauyuka masu nisa. A lokacinsa ne kuma aka fara tace azurfa da zaiba, wadda ake kawowa daga Huancavelica ta ƙasar Peru. Zaiba guba ce mai lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ƙurar dutse kuma tana cinye huhu sannu a hankali. Shi ya sa ake wa dutsen kirari da mai cin mutane. An kai bayi daga Afirka ma, waɗanda da yawansu suka yi aiki a gidan buga kuɗi.

To amma abin da ya fi jan hankalin masanin halittu a tarihin Potosi shi ne iskar wurin. Ɗalibai da yawa suna zaton iskar oksijin ce ke raguwa cikin cakuɗen iska idan an hau tsauni. Ba haka ba ne. Kasonta yana nan a kashi 21 cikin ɗari, a Legas ko a Potosi. Abin da ke raguwa shi ne nauyin iskar da ke danna mu daga sama. A bisan mita 4,000 wannan matsi bai wuce kimanin kashi 60 cikin ɗari na wanda ke bakin teku ba, saboda haka kowane numfashi yana shigo da oksijin kaɗan, kuma ƙarfin da ke tura shi daga huhu zuwa jini ya yi rauni. Wannan dalili ne ya sa ruwa ke tafasa a kusan digiri 87 maimakon 100. Mai dafa wake a Potosi sai ta yi haƙuri, tukunya tana ɓararraka amma waken bai nuna ba.

Baƙon da ya iso yakan fara da haki, da bugun zuciya, da ciwon kai, da rashin barci. Mutanen yankin suna kiran wannan hali soroche, kuma sukan ba baƙo shayin ganyen koka. Cikin kwanaki kaɗan ƙoda takan lura da ƙarancin oksijin, sai ta ƙara fitar da wani sinadari mai suna iritiropoyetin, wanda ke umartar ɓargo ya ƙera ƙarin jajayen ƙwayoyin jini. Ƙarin ƙwayoyi na nufin ƙarin himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin. Masana uku da suka gano yadda ƙwayoyin jiki ke jin ƙarancin oksijin, William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza, sun sami kyautar Nobel a 2019.

Sai dai wannan dabara tana da iyaka. Idan ƙwayoyin suka yi yawa, jini yakan yi kauri, zuciya ta riƙa wahalar tura shi. Wannan ita ce cutar tsauni mai daɗewa, wadda likitan Peru Carlos Monge ya bayyana a shekarun 1920, har ake kiran ta da sunansa. Abin sha'awa, mutanen Tibet da ke nahiyar Asiya, waɗanda su ma ke zaune a irin wannan bisa, jikinsu ya bi wata hanya daban: jininsu ba ya yin kauri sosai, suna dai yawaita numfashi. A 2010 aka danganta wannan da wata ƙwayar gado mai suna EPAS1. Matsala ɗaya, mafita biyu. A ganina babu misalin da ya fi wannan dacewa ga malamin da ke koyar da yadda halitta ke sajewa da muhallinta.

Inda iskar Potosi ta fi gwada Sifaniyawa shi ne wajen haihuwa. Ɗan tayi ba ya numfashi da kansa, abin da jinin uwa ya kawo ta mabiyiya da shi yake rayuwa. Bincike ya nuna nauyin jarirai yana raguwa da kimanin giram 100 a kowace mita 1,000 ta ƙarin bisa, amma raguwar ba ta kai haka ba ga matan da kakanninsu suka daɗe a tsauni, domin jijiyoyin da ke kai jini mahaifarsu sun fi buɗewa lokacin goyon ciki. Marubutan wancan zamani sun ruwaito cewa an yi shekaru gommai jariran Sifaniyawa ba sa rayuwa a Potosi, alhali 'ya'yan 'yan ƙasa suna girma. Don haka matansu sukan sauka kwaruruka masu ɗumi su haihu, su yi reno, kana su komo. Sanyi ma ya taka tasa rawa, ba shakka.

Ko 'yan ƙwallon ƙafa ba su tsira ba. A farkon 2007 ƙungiyar Flamengo ta Brazil ta buga wasa a Potosi, aka ga wasu 'yan wasanta suna shaƙar oksijin daga tulu a gefen fili. A watan Mayu na wannan shekara hukumar FIFA ta hana wasannin ƙasa da ƙasa a filayen da suka wuce bisan mita 2,500. Bolibiya ta yi tsaye, har shugabanta na lokacin, Evo Morales, ya hau tsauni ya taka leda don nuna adawa. A 2008 aka dakatar da dokar.

Shi kuwa Cerro Rico, shekaru fiye da 470 na haƙa sun mayar da cikinsa tamkar gidan tururuwa. Hukumar UNESCO ta sanya Potosi cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. A 2011 wani babban rami ya rufta a ƙololuwar dutsen, a 2014 kuma aka mayar da birnin cikin jerin wuraren tarihin da ke fuskantar haɗari.