Yusef Lateef: Mabushin Amurka Da Ya Zo Zariya Neman Ilimi

Jama'a masu karatu, a zangunanmu na Salaga da Yendi da Bawku, wa bai san muryar algaita ba? Amma yara nawa ne yau suke son koyonta? To, ga labarin wani gwani da ya ƙetaro teku saboda irin wannan busa tamu.

An haifi William Huddleston a Chattanooga ta Amurka a 1920, ya girma a birnin Detroit. A can ya ƙware da busa saksofon, wato ƙahon ƙarfe na kiɗan jaz. A 1949 ya shiga ƙungiyar shahararren mabushi Dizzy Gillespie. Da ya musulunta sai ya ɗauki sunan Yusef Lateef.

Malam Yusef bai tsaya inda ya tarar da magabata ba. Ya shigo da sarewar gora da bushe-bushen Larabawa da na Indiya cikin kiɗansa, har kwalba ya busa. Faifansa na 1961, Eastern Sounds, ya nuna wa duniya wannan sabuwar hanya. Ko sunan jaz ma ya ƙi shi, domin a ganinsa sunan yana ƙasƙantar da kiɗan baƙar fata.

A 1975 ya sami digirin dakta a fannin ilimi. Duk da haka, a 1981, yana da shekara 60 da 'yan kai, ya tattara ya koma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ya yi shekara 4 a cibiyar nazarin al'adun Nijeriya, yana zama da mabusa, yana binciken sarewar Fulani. A 1983 ya ɗauki faifansa In Nigeria. Shi da Ziky Kofoworola suka rubuta littafi kan kiɗa da wasannin Hausawa, wanda ya fito a 1987. A 1988 ya ci kyautar Grammy. Ya rasu ran 23 ga Disamba, 2013, yana da shekara 93.

Gemu dai ba ya hana ilimi. Busa kuwa ba a littafi take zaune ba, a bakin mai ita take. Ran da tsohon mabushi ya rasu babu almajiri, ta tafi ke nan. In dakta daga Amurka bai ji kunyar durƙusawa gaban mabusanmu ba, me zai hana 'ya'yanmu?

Allah ya jiƙansa, amin.