Kasuwar sunayen intanet: ina gasar take?

1. Sunan da ake haya

Adireshin intanet yana da sassa biyu: sunan da mutum ya zaɓa, da abin da za mu kira ɗafa-ƙeya, kamar .com ko .fr ko .ne ta Nijar. Ba a sayen suna har abada, hayarsa ake yi shekara-shekara. Kowace ɗafa-ƙeya tana da mai rijista guda ɗaya tak, wanda shi ne ɗan sari. Dillalai, irin su GoDaddy, daga wurinsa suke sarowa su sayar wa jama'a.

2. Yadda gasa ta shigo

Daga 1993 kamfanin Network Solutions na Amurka kaɗai ke rubuta sunayen .com da .net da .org. A 1995 ya fara karɓar dalar Amurka 100 kuɗin shekara biyu. Bayan kafa hukumar ICANN a 1998, an buɗe wa wasu dillalai ƙofa a 1999, farashi ya faɗi ƙwarai. Sai dai a lura, tsakanin dillalai ne gasar ta tsaya. Rijistar .com tana hannun Verisign tun 2000, kuma kuɗin sarin da ya daɗe a dala 6 ya kai dala 10.26 a 2024.

A 2012 ICANN ta nemi karya wannan rinjaye da sababbin ɗafa-ƙeya. An shigar da buƙatu 1,930, kowace a kan dala 185,000, aka amince da fiye da 1,200; .africa ta fito a 2017. Duk da haka .com tana da sunaye sama da miliyan 150. A ganinmu dalilin na harshe ne: kalmar da baki ya saba da ita ba ta gushewa don an ƙirƙiro mata kishiya.

3. Darajar haruffa

Tsibirin Angila ya samu .ai, Tubalu ta samu .tv, kuma dukansu suna cin riba don haruffan sun dace da ma'ana a Ingilishi. A Hausa ma "ai" da "ne" kalmomi ne, amma kasuwa ba da kunnen Bahaushe take saurare ba.

Akwai kuma matsalar haruffa masu lanƙwasa. Tsarin asali ya san a zuwa z, da lambobi, da karan ɗori kawai. Saboda haka Maraɗi ta zama maradi, "ƙasa" da "kasa" suka zama suna ɗaya, wanda ya riga kamawa ya hana ɗayan. Tun 2003 akwai dabarar shigar da sauran haruffa, ana juya su zuwa wani rubutu mai farawa da xn--. Amma kowane mai rijista shi ke yanke haruffan da zai karɓa. Na .fr ya karɓi é da ç a 2012. Ga ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, ƙofar da ta kamata a fara ƙwanƙwasawa ita ce ta masu riƙe da .ne da .ng.