Ɗalibi Da Ƙiba: Daga Tukunyar Uwa Zuwa Teburin Mai Shayi

Lokacin hutu ya yi, 'ya'yanmu suna dawowa gida daga jami'o'i da kwalejoji. Sau da yawa mukan ga uwa ta taryi 'yarta a bakin ƙofa, ta dube ta sama da ƙasa, ta yi guɗa ta ce, "Kai, 'yar nan, makaranta ta karɓe ki!" Yarinyar sai ta yi murmushi kawai. Ba ta gaya wa uwar cewa rigar da aka ɗinka mata da Kirsimeti ta daina shiga ba, ba ta kuma ce in ta hau bene zuwa ɗakin kwana sai ta tsaya tana haki ba. A wurinmu ƙiba alamar hutu ce da wadata, shi ya sa maganar take da wuyar faɗi a gida. To, bari mu faɗe ta a nan.

A Amurka akan ce ɗalibi yana ƙara nauyin fam 15, wato kusan kilo 7, a shekararsa ta fari a jami'a. Da masu bincike suka auna ɗalibai, sai suka tarar an yi ƙari a maganar, domin a matsakaici abin bai wuce kilo 2 ba. Amma kada mu rena kilo 2. Karatu shekara huɗu ne ko biyar, kuma halin cin da mutum ya koya yana ɗan shekara 19 shi yakan bi shi har gidan aure. Hawan jini da ciwon sukari da muke gani ga masu shekara 40 ba rana ɗaya suke farawa ba.

Iyayen da suka yi jami'a a da za su tuna da ɗakin cin abinci. Ɗalibi yakan miƙa tikiti, a zuba masa abinci sau uku a rana, kowanne da lokacinsa. Abin yana da muhimmanci ƙwarai, har a watan Afrilu na 1978, da aka ƙara kobo 50 a kan kuɗin abincin yini, ɗalibai suka yi bore a Legas da Zariya da wasu wurare, aka rasa rayuka. A cikin shekarun 1980 gwamnati ta janye hannunta daga ciyar da ɗalibai. Tun daga nan kowane yaro ya zama shi ne mai cefane, shi ne mai dafuwa, alhali wani ko ruwan zafi bai taɓa ɗorawa a gida ba.

Mu dubi yinin ɗalibi guda. Ya makara, ya fita lacca ba karin kumallo. Da rana yunwa ta ci ƙarfinsa, ya sayi fanke ko cincin ya kora da lemon kwalba. Da dare ya tafi wurin mai shayi, a soya masa Indomie biyu da ƙwai, a haɗa masa shayi mai kauri da rabin burodi, ya ci wajen ƙarfe goma sha ɗaya ya kwanta. Ɗalibai har lissafi suke da shi na wannan zama: 0-1-0, ko 0-0-1, wato sau ɗaya a yini. Mai karatu zai ce, to, wanda yake ci sau ɗaya ina zai ga ƙiba? Ai nan ne abin yake. Gaskiya ne akwai ɗalibai da yawa da rashi yake ramar da su, ba mu manta da su ba. Amma abinci mafi araha, wanda ya fi saurin samuwa, shi ne gari da sukari da mai. Yana cika ciki nan da nan, bayan awa biyu kuma yunwa ta dawo. Wanda ya wuni da yunwa kuwa, in ya samu ba ya ci da hankali. Saboda haka sai ka ga yaro yana kukan yunwa, tumbi kuma yana fitowa.

Sukarin da ake sha ya fi wanda ake ci yaudara, domin ciki ba ya lissafa shi a matsayin abinci. Kwalbar lemo mai zaƙi ta rabin lita tana ɗauke da sukari kimanin giram 50, wato wajen ƙaramin cokali 12. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum yake ci a yini. Ga babban mutum wannan kusan giram 50 ɗin ke nan, kuma hukumar ta ce in an rage zuwa rabin haka ya fi. Ashe kwalba ɗaya ta cinye rabon yini duka, tun ba a zo ga shayin dare ba. Kada kuma mu ɗora laifin duka a kan kayan kanti. Zoɓo da kunun zaƙi da ake ƙullawa ana sayarwa a bakin makaranta, wani lokaci sukarinsu ba ya kasa na kwalba.

Yaya mutum zai san ko nauyinsa ya wuce kima? Likitoci suna raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita sau kansa. Misali, yarinya mai tsawon mita 1.6: a ninka 1.6 sau 1.6, ya ba da 2.56. In nauyinta kilo 72 ne, a raba da 2.56, ya ba da 28. Daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 shi ne daidai. Daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 kuma ƙiba ce da take bukatar kulawa sosai. Wanda lissafi yake ba shi ciwon kai, ga hanya mai sauƙi: ya sami igiya ya yanke ta daidai tsawonsa, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa da ita wajen cibiya. In bakin igiyar bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, shi ne kuwa kitsen da ya fi haɗari.

To, yarinyar nan ta auna ta ga 28. Abin da muke tsoro shi ne gaggawa. Ƙawaye za su kawo mata shayin rage ƙiba. Yawancin irin wannan shayi maganin gudawa ne, irin su filasko, ko mai sa yawan fitsari. Abin da yake fita ruwa ne, kitse yana nan daram, jiki kuma ya yi laushi. An sha kama wasu magungunan rage ƙiba da aka ce na ganye ne, ashe an zuba musu sibutramin a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarinsa ga zuciya. (A ɗaki guda kuma za ka tarar da wata tana haɗiyar ƙwayar "sha ka fashe" don ta yi jiki. Wannan ma wasa da rai ne.) Wata kuma sai ta daina cin abinci ɗungum, ta yi kwana huɗu tana jiri a aji, a rana ta biyar ta rama duka har da riba.

Likitoci sun ce rage rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya isa. Ba kuma sai mutum ya koma kamar sanda ba. Wani babban bincike da aka buga sakamakonsa a Amurka a 2002 ya bi mutanen da suke gab da kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka sa su yi ƙoƙarin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 72, kashi 7 kilo 5 ne kacal. Aikin zangon karatu ɗaya ne.

A ganinmu, gyaran yana farawa ne daga tsara yini. A ci wani abu da safe, ko da koko ne mara sukari da yawa da ƙosai uku, ko dafaffen ƙwai. Babban ci ya koma rana ko farkon dare. Wake shi ne abokin ɗalibi: yana da araha in an gwada da nama, yana gina jiki, yana kuma daɗewa a ciki. In 'yan ɗaki huɗu suka haɗa kuɗi suka dafa tukunya guda ta wake da shinkafa, waken ya fi yawa, sun fi mai zuwa teburin mai shayi riba. Kwaɗon zogale ko na rama, faten acca ko na tsaki da ganye da yawa, ɗanwake ba tare da an yi masa ambaliyar mai ba, duk abincinmu ne, ba sai an nemo na Turawa ba. Ranar da ba makawa sai taliyar leda, a dafa ɗaya maimakon biyu, a zuba rabin sinadarin da yake ciki saboda gishirinsa, a yanka kabeji da albasa da karas a kai. Gwaiba da yalo da lemon zaƙi da gyaɗa cikin tafin hannu su maye gurbin cincin. Ruwa kuma ya zama shi ne abin sha, lemon kwalba ya koma na ranar biki.

Minti 150 ɗin nan, in an raba, rabin awa ne sau biyar a mako. Ɗalibin da ya bar acaɓa ya taka da sauri daga ɗakin kwana zuwa aji ya dawo, wataƙila ya riga ya cika, kuɗin motar kuma ya saya gwanda da shi. Barci ma yana cikin lissafi. Babban mutum yana bukatar aƙalla awa 7, kuma an gano cewa ƙarancin barci yana ƙara jin yunwa da kwaɗayin zaƙi. Masu karatun kwana har asuba lokacin jarrabawa, da biskit a gefe, su lura.

Mu iyaye kuma da namu. Mu buɗe jakar guzurin da muke haɗa wa yaro in zai koma: kwalin taliya, garin kwaki, sukari mudu guda, madarar gwangwani, cincin cike da bokiti. Da ƙauna muka haɗa, amma me muka ce masa ya ci? A rage sukarin, a ƙara wake da acca da busasshen zogale da kuka da daddawa da busasshen kifi. Wannan hutu, uwa ta shiga kicin da ɗanta namiji kamar yadda take shiga da 'yarta, ya koyi miya biyu ko uku kafin ya koma. Ba'a kuma ba ta rage wa kowa ko giram ɗaya. Yaron da ake kira buhu a gida ɓoyewa yake yi ya ci.

In nauyi yana ƙaruwa da sauri ba dalili, ko al'adar yarinya ta rikice, ko ana yawan jin ƙishirwa da fitsarin dare, ko kuma an lura ɗalibi yana ƙin abinci ko yana tilasta wa kansa amai bayan ya ci, wannan ya wuce gyaran tukunya. A je asibitin makaranta a auna jini da sukari, a gaya wa likita kome ba ɓoyewa, har da sunan duk wani shayi ko ƙwaya da aka sha.