SUNA LINZAMI: Daga Ragon Suna Zuwa Littafin Akawu

A kowace safiya, a ofisoshin yin katin ɗan ƙasa da bankuna da wuraren karɓar fasfo, tun daga Agege ta Ikko har zuwa Sabo ta Badun da Fatakwal, akan sami Bahaushe tsaye gaban akawu an miƙa masa takarda mai gurabu uku. Gurbi na farko na sunansa ne, wannan ba wuya. Na biyu na sunan tsakiya ne, shi ma a iya lallaɓawa. Amma na uku, wanda aka tanada don sunan iyali, nan ne ake yin turus. Wani ya rubuta sunan mahaifinsa, wani na kakansa, wani kuwa ya sa sunan garinsu. Ta haka sai a wayi gari 'yan'uwa uku, uwa ɗaya uba ɗaya, kowa da nasa sunan iyalin dabam a takardun Gwamnati.

Wannan ruɗani ba jahilci ne ya kawo shi ba. Dalilinsa shi ne Bahaushe bai gaji sunan iyali irin na Turawa ba, watau suna guda wanda zuriya za ta riƙa ɗauka daga kaka har tattaɓa-kunne. Abin da ya gada shi ne sunaye iri iri, kowanne da aikinsa, kuma kowanne yana ba da wani labari game da mai shi.

SUNAN YANKA

Na farko shi ne sunan yanka. Ran da jariri ya cika kwana bakwai, jama'a sukan taru da sassafe a ƙofar gida, a raba goro, liman ya raɗa suna, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, sa'an nan a yanka rago. Daga wannan yanka ne sunan ya samo laƙabinsa. Galibin sunayen yanka na Annabawa ne da Sahabbai da iyalan gidan Manzon Allah (S.A.W.), watau daga Larabci suka zo tare da Musulunci.

Sai dai da suka zo ba su zauna yadda suke ba, gama harshen Hausa ya fi son kalma ta ƙare da wasali. Saboda haka Muhammad ya koma Muhammadu, Umar ya koma Umaru, Adam ya koma Adamu, Harun ya koma Haruna. Akwai kuma haruffan Larabci da babu su a bakin Bahaushe, shi ya sa Khadija ta zama Hadiza. Bayan wannan sai aka shiga gutsurewa: Abdullahi ya zama Audu, Sulaimanu ya zama Sule, Idirisu ya zama Idi, Ibrahim ya zama Iro, Maryamu ta zama Mairo, Hadiza ta zama Dije. Maƙwabta ma haka suka yi, kowa da irin bakinsa. Abubakar ɗin da Bahaushe ya mayar Habu, shi ne Bukar a Barno, shi ne Buba a wurin Fulani, shi ne kuma Bakare a ƙasar Yarabawa, inda Ibrahim ya zama Buraimo, Abdulhamidu ya zama Lamidi, Badamasi ya zama Gbadamosi.

A gidan da aka yi ta maimaita sunan Muhammadu saboda neman albarka, sai a rarrabe 'ya'yan da ƙidayar Larabci: Lawal na farko, Sani na biyu, Salisu na uku, Rabi'u na huɗu, Hamisu na biyar, har a kai ga Ashiru na goma. Wasu sunayen kuma na manyan malamai ne da waliyyai. Tijjani daga Shehu Ahmadu Tijjani ne, wanda ya rasu a birnin Fas a 1815. Buhari kuwa asalinsa sunan gari ne, watau Buhara ta ƙasar Uzbekistan, inda aka haifi Imamu Buhari mai littafin hadisi a shekarar 810. Mai karatu ya dubi irin tafiyar da wannan suna ya yi: daga wani birni na tsakiyar Asiya ya hau kan malami, daga malami ya zo kan wani yaro da aka haifa a Daura a 1942, wanda sunan mahaifinsa Adamu, sa'an nan da yaron nan ya shugabanci Nijeriya har sau biyu, sunan ya zama wanda ake kiran iyalinsa duka da shi.

RANA DA HALIN HAIHUWA

Iri na biyu shi ne sunan da akan sa wa yaro a cikin gida tun kafin ranar suna, ko bayanta, wanda sau da yawa yakan danne na yankan. Mafi shahara su ne sunayen rana. Wanda aka haifa ran Lahadi shi ne Ɗanladi, mace Ladi. Litinin, Tanimu da Altine. Talata, Ɗantala da Talatu. Laraba, Bala ko Balarabe da Larai. Alhamis, Ɗanlami da Lami. Juma'a, Ɗanjuma da Jummai. Asabar, Ɗan'asabe da Asabe. Mutane da yawa suna ɗaukar waɗannan sunaye a kan tsantsar Hausa ne, alhali kuwa sunayen ranakun kansu daga Larabci aka aro su, biyar na farko ma ƙidaya ce kawai daga ɗaya zuwa biyar.

Waɗanda suka fi zama na gargajiya su ne masu bayyana halin da aka haifi yaro a ciki. Tanko shi ne namijin da ya biyo bayan mata, Kande kuwa macen da ta biyo bayan maza. Tagwaye su ne Hasan da Husaini, wanda ya biyo su shi ne Gambo. Auta shi ne na ƙarshe, Audi wanda mahaifinsa ya rasu yana ciki, Cindo mai yatsa shida, Shekarau wanda ya daɗe a ciki fiye da yadda aka saba. Azumi an haife ta cikin watan Ramalan, Sallau ran Salla, Anaruwa ana tsuga ruwan sama, Nomau lokacin noma.

Akwai kuma sunaye masu ɗaci, irin su Ajuji da Ayashe da Bawa. Waɗannan na matar da take wabi ne, watau wadda 'ya'yanta ke mutuwa tun suna ƙanana. Akan sa wa jaririn sunan ƙasƙanci, a nuna kamar ba a damu da shi ba, da fatan ko ya tsaya. Wanda ya ji an kira dattijo Bawa, to, ya yiwu ya ji labarin hawayen wata uwa ne da aka taƙaita cikin kalma ɗaya.

Fulani su ma sun ba da nasu. A al'adarsu ɗan fari shi ne Dikko, na biyu Sambo, na uku Yero, na huɗu Pate. Bello, wanda masana Fulatanci suka fassara da mataimaki, ya bazu ne saboda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Kalmar Fodiyo ma Fulatanci ce, ma'anarta malami masani, kuma laƙabin mahaifin Shehu Usmanu ne. Waɗannan sunaye ba su tsaya ga Musulmi kaɗai ba. A Filato da Kudancin Kaduna da Taraba akwai Ɗanladi da Ɗanjuma da Talatu tuli a cikin Kirista, tare da Bitrus da Bulus da Yohanna da Istifanus, waɗanda suka yaɗu ta hanyar Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga cikakkensa a 1932.

ALKUNYA

Iri na uku kunya ce ta haife shi. Matar Bahaushe ba ta faɗin sunan mijinta, ko na surukanta, ko na ɗanta na fari. To, idan aka mayar wa yaro sunan kakansa, yaya uwar za ta kira shi? Sai a saya sunan, a ce Abba, ko Baba, ko Baffa, ko Babangida. In mace ce a ce Uwani, ko Ummi, ko Inna. Har ila yau kusan kowane sunan yanka yana da laƙabin da ke tafe da shi: Abubakar shi ne Garba, Umaru shi ne Sanda, Usman shi ne Shehu saboda Mujaddadi, Yusufu shi ne Maitama, A'ishatu ita ce Indo, Hauwa'u ita ce Kulu, Faɗimatu ita ce Binta. Sunan marigayi Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusufu Maitama Sule, wanda ya rasu a 2017, ya tattara abubuwa uku a jere: sunan yanka, da laƙabinsa, da sunan uba.

A zamanin da, in ana son bambanta mutum da takwaransa, sai a jingina shi ga ubansa, ko sana'arsa, ko sarautar gidansu, a ce wane ɗan wane, ko wane Maigoro, ko wane na gidan Galadima. Wani lokaci ma akan jingina shi ga wadda ta rene shi. Alhasan Ɗantata, babban attajirin Kano da aka haifa a Bebeji a 1877, ya rasu a 1955, sunan mahaifinsa Abdullahi. Tata wata tsohuwa ce da ta riƙe shi bayan mahaifin ya rasu, mahaifiyarsa kuma ta tafi Ankara ta ƙasar Gana. Ga shi yau sunan wannan tsohuwa shi ne sunan ɗaya daga cikin manyan gidajen arziki na Afirka ta Yamma.

LITTAFIN MAKARANTA

Sunan iyali irin na takarda ya shigo ne da mulkin Turawa, musamman ta ƙofar makarantar boko. Ɗan Hausa, watau Hans Vischer, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, aka kuma buɗe Kwalejin Katsina a 1922. A irin waɗannan makarantu akan tara yara daga larduna dabam dabam, a aji ɗaya a sami Muhammadu biyar da Abubakar huɗu. Yaro kuwa ba ya iya buɗe baki ya ambaci sunan mahaifinsa a gaban jama'a. Mafita mafi sauƙi ita ce a rubuta shi da sunan garinsu.

Ta haka ne ɗan Yakubu Ɗan Zala ya zama Abubakar Tafawa Ɓalewa, da sunan wani gari na ƙasar Bauci wanda asalinsa kalmomin Fulatanci ne biyu masu nufin baƙin dutse. Ɗan Malam Yusufu ya zama Aminu Kano. Ɗan Magaji Aliyu ya zama Shehu Shagari, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Sardaunan Sakkwato kansa da Ahmadu Raba aka san shi a makaranta, daga baya ne ya koma amfani da sunan kakansa na sama, Muhammadu Bello. Wasu kuma sunan unguwa ne ya bi su, kamar gidan 'Yar'aduwa na Katsina, wanda tushen sunansa itaciyar aduwa ce. Abin da malamin makaranta ya rubuta don sauƙin kiran suna da safe, shi ne ya zama gadon jikoki.

Mata su ma wannan sauyi bai bar su ba. A da mace ba ta barin sunan mahaifinta don ta yi aure, kuma Suratul Ahzabi ta yi umurni a riƙa danganta mutane ga ubanninsu. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, matar Waziri Giɗaɗo ce, amma har gobe da 'yar Shehu aka san ta. Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta rasu a 2001, sunanta na yanka Hajaratu. Gambo ya nuna ta biyo tagwaye, Sawaba kuwa a fagen gwagwarmayar jam'iyyar NEPU ta samo shi. Ɗaukar sunan miji al'adar Turawa ce da ta shigo ta takardun ofis da na asibiti.

INDA GIZO KE SAƘA

Muddin littafin akawu na takarda ne, ana iya gyara kuskure da alƙalami. Yanzu kuwa na'ura ce ke riƙe da sunaye. An kafa hukumar katin ɗan ƙasa ta NIMC a 2007, Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN ta masu ajiya a 2014, daga 2021 kuma hukumar JAMB ta wajabta wa masu neman shiga jami'a su gabatar da lambar ɗan ƙasa kafin rajista. Kwamfuta ba ta san Garba shi ne Abubakar ba, ba ta san Audu da Abdullahi mutum ɗaya ne ba. A wurinta Muhammad da Mohammed da Muhammadu mutum uku ne. Wanda takardar firamarensa ta ce Sani Garba, ta banki ta ce Sani Abubakar, fasfonsa kuma ya ɗauki sunan garinsu, yana iya samun kuɗinsa a tsare, ko fanshonsa ya maƙale, ko ɗansa ya rasa jarrabawar shekara, sai ya je kotu ya yi takardar rantsuwa, ya kuma biya a buga sanarwar gyaran suna a jarida. Abin ya fi tsanani ga mazauna Kudu, inda akawun da ba ya jin Hausa yakan rubuta abin da kunnensa ya jiye masa.

Akwai kuma wata asara wadda ba ta kuɗi ba. Sunaye irin su Tanko da Kande da Nomau suna ja da baya a birane, wasu ma kunyarsu suke ji, suna ganin na ƙauye ne. Kowa yana da ikon zaɓar wa ɗansa sunan da ya ga dama, sai dai yana da kyau a san cewa waɗannan sunaye su ne rajistar haihuwar kakanni tun ba a san takarda ba.

Hausawa sun ce suna linzami ne. Abin da ya kamaci kowane magidanci shi ne ya zauna da iyalinsa a tsai da suna guda wanda gidan zai riƙa sawa a gurbi na uku, ko na uba, ko na kaka, ko na gari, a kuma tsai da yadda za a rubuta shi harafi bayan harafi, tun daga takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya har zuwa ta makaranta. Sa'an nan in yaro ya yi wayo a gaya masa sunan wa ya ci, da dalilin da ya sa kakarsa take kiransa Gambo ko Ɗanlami, domin wannan bayani babu gurbinsa a takardar akawu.