Kyandir Mai Wuta Launi-Launi

Idan kuka kunna kyandir, harshen wutarsa rawaya ne. Ko da jikin kyandir ɗin ja ne ko shuɗi, launin wutar ba ya canzawa, domin rinin yana cikin kakin ne kawai. To, ta yaya ake samun wuta koriya ko ja?

Asirin yana cikin sinadarai. Akwai waɗanda idan suka ji zafin wuta, sukan fitar da haske mai launi na musamman. Gishirin miya yana ba da rawaya mai ƙarfi, haka ma kanwa, domin dukansu suna ɗauke da sodiyam. Gishirin jan ƙarfe yana ba da kore mai sirkin shuɗi. Sitirontiyam kuwa ja yake bayarwa, shi ne jan da kuke gani a wasan wuta na bukukuwa. A wajen 1860, wasu masana biyu a Jamus, Robert Bunsen da Gustav Kirchhoff, sun yi amfani da wannan haske wajen gane sinadarai.

Idan za ku gwada, ku fara da lagwani. Malamin kimiyya zai narka muku gishirin jan ƙarfe a ruwa. Ku jiƙa zaren auduga a ciki, sannan ku shanya shi har ya bushe ƙayau. Ku zuba kaki a gwangwani, ku sa gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi. Kada ku ɗora shi kai tsaye a kan wuta. Kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 63 na ma'aunin Salsiyos, don haka ba ya bukatar zafi mai yawa. Ku tsayar da lagwanin a tsakiyar wani ƙaramin gwangwani, ku zuba kakin, ku bari ya daskare.

Amma kada ku sa rai da yawa. Sau da yawa koren da za ku gani ɗan kaɗan ne, a gefen harshen wutar. Dalili kuwa shi ne, idan kaki yana ci, yana fitar da ƙananan ƙwayoyin baƙin hayaƙi. Su ne suke yin zafi har su haskaka rawaya, sai wannan rawaya ta rufe sauran launuka. Wasu sukan barbaɗa gishirin cikin narkakken kaki, amma wahalar banza ce: gishiri ba ya narkewa a kaki, ƙasa yake kwanciya. Shi ya sa masana'antu suke amfani da wani makamashi dabam, wanda wutarsa kusan ba ta da launi.

Gishirin jan ƙarfe guba ne. Kada ku taɓa shi da hannu tsirara, kada kuma ku jiƙa shi a kwanon abinci. Idan kaki ya kama wuta, kada ku watsa masa ruwa, domin zai fantsama. Ku rufe shi da murfin ƙarfe.