Wuri ba ado ba ne a gajeren labari

Yawancin gajerun labaran da ɗalibai ke rubutawa suna buɗewa ne da "a wani gari", ko a wani katafaren gida mai motoci jere da ba a san unguwarsa ba. Marubucin ya ba da ƙarfinsa ga taurari da jigo, ya bar wuri da lokaci kamar labulen da mai hoto ke ratayawa a baya. Alhali wuri shi ke yanke abin da tauraro zai iya yi, da abin da zai ji kunyarsa.

Mu ɗauki labarin Kalala da Kalalatu na cikin Magana Jari Ce, littafin Abubakar Imam da ya fara fitowa a 1937. Ƙashin bayan labarin yana cikin tatsuniyoyin Jamus da 'yan'uwan nan biyu, su Grimm, suka tattara. A can, wata kuku ce ta cinye kaji biyu da maigidanta ya sa a gasa wa baƙo. Sai ta tsorata baƙon cewa wuƙar da ake wasawa ta yanke masa kunnuwa ce, ta koma ta ce wa maigida baƙo ya gudu da kaji. Maigida ya bi shi da wuƙa yana roƙon a bar masa ko guda, baƙo kuwa ya zaci kunne ake nufi, ya ƙara mai.

Da Imam ya kawo labarin ƙasar Hausa, kuku ta zama matar gida. Canjin kamar ƙarami, amma duba abin da ya jawo. A Jamus 'yar aiki ce ta yi wa ubangidanta wayo; in asiri ya tonu, iyaka a sallame ta. A nan kuwa aure ne a tsakani, ga mutuncin maigida a idon gari, tunda Bahaushe bai ɗauki wulaƙanta baƙo da wasa ba. Kwaɗayin Kalalatu ya fi na kukun nauyi, dariyar ma ta fi ciwo. Hatta ginin gidanmu yana taya ƙaryar: baƙo iyakarsa zaure, madafi na mata ne, don haka wadda ta san abin da ya faru da tukunya ita ke riƙe da mazan biyu. Ni dai a ganina, nan gwanintar Imam take, ba a ƙirƙiro dabarar kajin ba.

Lokaci ma haka yake aiki. A littafi na ɗaya, aku yana ba Musa labarai ne da dare don ya hana shi fita daga fada. Kowane labari tsere ne da asuba. Cire daren, hirar aku ta zama surutu kawai.

To, ga gwaji mai sauƙi ga masu rubutu a cikinmu. Ɗauki labarinka ka mayar da shi wani wuri. In ba abin da ya karye, wurin bai yi aikin komai ba ke nan. Saurayi da budurwa da suka yi saɓani a layin famfon hostal ƙarfe shida na safe, ga bokitai, ga idon jama'a, ga lakca ƙarfe takwas, ba za su faɗi abin da za su faɗa a zauren gidan su yarinyar bayan isha'i ba. A zaure fa ƙanenta na zaune a bakin ƙofa, kuma duk abin da ya ji sai ya kai wa Umma.