Samamen Gidaje: Abin da Alƙaluman Maiduguri Suke Faɗa

Ranar 3 ga Yulin 2011 bam ya tashi a wata mashaya da ke kusa da barikin 'yan sanda a unguwar Wulari, cikin Maiduguri, ya kashe aƙalla mutum 5. Mako guda kafin nan, ranar 26 ga Yuni, wani hari irin wannan a unguwar Dala ya ci rayuka kimanin 25. Boko Haram aka ɗora wa alhakin duka biyun, kuma wannan lissafi ne da kowa ya sani. Akwai wani lissafin da ba a cika jerawa kusa da shi ba: na waɗanda suka mutu bayan tashin bam, a ƙofar gidajensu ko a tsakar gida, a hannun jami'an da aka turo domin su kare su.

25 da 23: makonni biyu a Yulin 2011

A watan Yunin 2011 aka kafa rundunar haɗin gwiwa ta JTF a Maiduguri. Sojoji ne ke jagorantarta, amma akwai 'yan sanda da jami'an SSS a cikinta. Ranar 9 ga Yuli bam ya tashi da ayarin rundunar a Kaleri Ngomari. Ƙungiyar Amnesty International ta ce abin da ya biyo baya shi ne killace unguwar da bin gida-gida, inda aka kashe aƙalla mutum 25, aka jikkata kimanin 45, aka ƙona gidaje. Rundunar kuwa cewa ta yi 'yan Boko Haram 11 ta kashe. Ranar 23 ga Yuli wani bam ya tashi a kasuwar Budum ya jikkata sojoji 3, kuma Amnesty ta ƙirga mutum 23 da aka kashe a martanin da aka mayar.

In aka haɗa 25 da 23, mutum 48 ke nan cikin kwana 15. Hare-haren Dala da Wulari kuwa sun ci kimanin 30. Wannan ba shi ne jimillar mutanen da Boko Haram ta kashe a lokacin ba, kuma bai rage mata nauyin jini ko ɗigo ba. Abin da yake nunawa shi ne, ga mazaunin unguwa, tashin bam rabin tashin hankali ne. Sauran rabin yana zuwa da motocin sintiri. Shi ya sa a wannan watan dubban mutane suka kwashe iyalansu suka bar garin, Jami'ar Maiduguri ta rufe, dattawan Borno kuma suka nemi a janye sojoji.

Tazarar da ke tsakanin 11 da 25 ta wuce saɓanin ƙidaya. Rundunar na cewa mayaƙa ta kashe, mutanen unguwa na cewa maƙwabtansu ne. Abin da ke raba irin wannan gardama shi ne sunaye, binciken gawa da shaidu a gaban alƙali.

785 da 1,628: ɗabi'ar ta girmi rikicin

Za a iya cewa yanayin yaƙi ne ya jawo haka. Alƙaluman da suka gabaci rikicin ba su goyi bayan wannan uzuri ba. A watan Nuwamban 2007 Sufeto Janar na 'yan sanda, Mike Okiro, ya bayyana cewa cikin kimanin wata uku na farkon riƙonsa, rundunar ta kashe mutum 785 da ake zargi da fashi da makami, ta kama 1,628, ita kuma ta rasa jami'ai 62.

Jimillar waɗanda aka kashe da waɗanda aka kama 2,413 ne. Ma'ana, kusan mutum ɗaya cikin kowane uku da 'yan sanda suka cim musu bai kai ga kotu da ransa ba. A matsakaici, an kashe kimanin mutum 8 a kowace rana. A kan kowane ɗan sanda ɗaya da ya mutu, mutum 12 zuwa 13 suka mutu a ɗaya ɓangaren. Jami'ai 62 ba ƙaramin rashi ba ne, kowannensu ya bar iyali, kuma hakan na nuna aikin na da haɗari na gaske. Amma kalmar da ke gaban 785 ɗin ita ce "zargi". Babu alƙalin da ya saurari ko ɗaya daga cikinsu kafin harsashi ya yanke hukunci.

Tushen abin yana cikin rubutattun ƙa'idoji. Tsohon Umarni mai lamba 237 na rundunar 'yan sanda ya halatta harbin wanda ya gudu daga kamu in hukuncin laifin da ake zarginsa da shi kisa ne ko ɗaurin shekara 7 zuwa sama. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990 kuwa sun taƙaita harbin kisa ga inda babu wata hanyar tsare rai. Sai a 2019 aka yi wa Umarnin gyara domin ya kusanci wannan ma'auni.

Miliyan 100 da miliyan 135: diyya da tsawon jiranta

A ƙarshen Yulin 2009, lokacin tarzomar Boko Haram da ta ci rayuka fiye da 800, Baba Fugu Mohammed, dattijo mai shekara 72 kuma surukin shugaban ƙungiyar, Mohammed Yusuf, ya kai kansa wurin 'yan sanda a Maiduguri. Bai dawo da rai ba, gidansa kuma aka rushe. A watan Afrilun 2010 Babbar Kotun Jihar Borno ta ce kisan ya saɓa wa doka, ta ba da umarnin a biya iyalinsa Naira miliyan 100. Sai a Janairun 2012 gwamnatin jihar ta biya, kusan shekara biyu da rabi bayan kisan. Ɗansa Babakura Fugu bai ga kuɗin ba, domin wani ɗan bindiga ya harbe shi a Satumban 2011.

Ranar 20 ga Satumban 2013 sojoji da jami'an SSS suka kai samame wani kangon gini a Apo, Abuja, inda talakawa 'yan Arewa, akasarinsu masu tuƙa Keke NAPEP, suke kwana. Mutum 8 suka mutu, 11 suka jikkata. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta bincika, a Afrilun 2014 ta ce babu gamsasshiyar hujjar cewa 'yan Boko Haram ne, ta yanke miliyan 10 ga iyalin kowane mamaci da miliyan 5 ga kowane mai rauni. Miliyan 80 da miliyan 55, jimilla 135. Gwamnatin tarayya ta biya a Afrilun 2018, shekara huɗu da wata bakwai bayan daren samamen.

Abu biyu ne a nan. Na farko, kotu da hukuma suna iya tsaya wa talaka, don haka kai ƙara ba ɓata lokaci ba ne. Na biyu, a duka shari'o'in daga baitulmali kuɗin suka fito, wato daga aljihun jama'ar da aka zalunta. Hukunta mai bindigar shi ne ya fi wuya: jami'an 'yan sanda 5 da aka gurfanar a Abuja a 2011 kan kisan Mohammed Yusuf, daga baya kotu ta sallame su. Muddin diyya na kan gwamnati, jami'i kuma ba ya jin komai a jikinsa, babu abin da zai sa ya yi tunani sau biyu kafin ya ɓalla ƙofa.

37, 35, 36: lambobin da ya kamata maigida ya haddace

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa. Bincike a gida kan buƙaci takardar sammaci daga alƙali ko majistare, kodayake doka ta bar ƙofar shiga ba tare da ita ba in ana bin wanda ake nema ya shige ciki. Maigida na da haƙƙin ya nemi ganin takardar. Dokar Tafiyar da Shari'ar Laifuka ta tarayya ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu, ta ce a yi binciken a gaban shaidu 2, a rubuta jerin duk abin da aka ɗauka, a sa hannu. Ta kuma yi tanadin da ya dace da gidajenmu masu rubutun "Ba Shiga" a zaure: in ɗakin matar kulle ne, sai an sanar da ita an ba ta damar kaucewa kafin a shiga. Wannan tanadi yana nan tun a dokar shari'ar laifuka ta Arewa ta 1960.

Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana 1 in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana 2, ban da wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Wulari a cikin birni take, kotuna na kusa, don haka kwana 1 ne ma'auninta. Sashen ya kuma ba wanda aka tsare ba bisa doka ba haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a.

Sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya haramta kama wani a madadin wani. Tafiya da uwa ko mata ko ƙani don ba a sami wanda ake nema ba, an bar jaki ne ana dukan taiki, kuma yanzu karya doka ne ƙarara. Dokar hana azabtarwa ta 2017 kuwa ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25.

Lissafin da ya kamata a fara

Dokar 2015 ta wajabta rubuta kowane kamu, ta kuma ɗora wa majistare ziyartar caji ofis duk wata. Abin da ya dace shi ne a faɗaɗa wannan zuwa samame. Kowane ofishin DPO ya riƙa rubuta gida nawa aka shiga a wata, nawa ne da sammaci, sau nawa aka yi harbi, mutum nawa aka kama, nawa aka kai kotu, nawa aka saki ba tuhuma. Shugabannin unguwa, wato Bulama da Lawan, su riƙe nasu kundin, domin su ne shaidun da suka san kowane gida. Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ta riƙa wallafa jimillar, tare da adadin jami'an da aka hukunta.

Wannan ba ɗaure wa jami'in tsaro hannu ba ne. Maiduguri ta ga abin da ya faru a 2013, lokacin da matasan unguwanni suka fito suka riƙa nuna mayaƙan Boko Haram, har aka fitar da ƙungiyar daga cikin birni. Bayanin da ke kama mai laifi daga bakin maƙwabta yake fitowa, kuma mutumin da aka ci mutuncin iyalinsa da tsakar dare ba zai kawo shi ba. Rundunar da ke son jama'a su buɗe mata baki, sai ta yarda a ƙirga ƙofofin da ta ɓalla, a kuma tambaye ta dalilin kowace ɗaya.